Sababbin Dokokin Lantarki, Bashin Kamfanoni Da Haƙƙin Ma'aikaci

Tsakanin shekarar 2020 da ta 2025 Majalisar Dokoki ta Tarayya ta zartar da waɗansu manyan dokoki waɗanda suka sake fasalin sha'anin wutar lantarki da man fetur, da yadda ake yi da kamfanin da bashi ya yi wa katutu, da kuma abin da ma'aikaci ke bin wanda ya ɗauke shi aiki. In an dubi dokokin nan ɗai-ɗai sai a ga kamar babu abin da ya haɗa su. Amma akwai inda suke gamuwa, watau ranar da kamfanin da ke ba gari wuta ya kasa biyan bashin da ake binsa. A wannan rana mutum uku ne hankalinsu ke tashi: bankin da ya ba da rance, da ma'aikacin da ke jiran albashi, da magidancin da ya riga ya zuba kuɗi a mitarsa. An shirya wannan ɗan littafi ne domin jama'a su san abin da doka ta tanadar wa kowanensu, tun da yake al'amarin ya riga ya faru a ƙasar nan, ba sau ɗaya ba.

Daga NEPA zuwa kamfanoni goma sha ɗaya

Wanda ya manyanta zai tuna da hukumar NEPA, wadda aka kafa cikin 1972 bayan an haɗe tsohuwar Hukumar Lantarki ta Nijeriya da hukumar da ke kula da madatsar ruwa ta Kainji. Shekara 33 ta yi kusan ita kaɗai ke samar da wuta, ita ke dakonta, ita ke sayarwa. Cikin 2005 aka yi dokar da ta rushe ta, aka kafa kamfanin PHCN na riƙon ƙwarya, sa'an nan aka rarraba dukiyarsa ga kamfanoni 18: shida na samar da wuta, ɗaya na dakonta bisa manyan layuka, goma sha ɗaya na rarraba ta ga jama'a. Na rarrabawar su ne na Abuja, Benin, Eko, Enugu, Ibadan, Ikeja, Jos, Kaduna, Kano, Fatakwal da Yola. Ran 1 ga Nuwamba, 2013, aka fara miƙa su ga 'yan kasuwa. A kamfanonin rarrabawa an sayar da kashi 60 cikin ɗari na hannun jari, gwamnati ta riƙe kashi 40. Kamfanin dakon wuta kuwa, watau TCN, bai bar hannun gwamnati ba. Ma'aikatan PHCN, su fiye da 40,000, aka shirya musu kuɗin sallama, sababbin masu kamfanonin suka ɗebi waɗanda suke bukata.

Abin da jama'a da yawa ba su lura da shi ba a lokacin shi ne, galibin masu sayen ba da kuɗin aljihunsu suka saya ba. Rance suka ci daga bankunan ƙasar nan, mai yawa daga ciki da dalar Amurka, suka ba da hannun jarin da suka saya jingina. To, wutar da Naira ake sayar da ita, darajar Naira kuwa ta yi ta faɗuwa. Ga wutar da ke zurarewa a tsofaffin wayoyi, ga masu sata, ga waɗanda ba sa biya, har da ofisoshin gwamnati. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, amma na waɗannan kamfanoni sai da ya fito fili.

Cikin Disamba 2021 ma'aikatan kamfanin Abuja suka shiga yajin aiki saboda haƙƙoƙinsu da ba a biya ba, har da kuɗin fansho, a cikin watan kuma bankin UBA ya karɓe ragamar jarin da aka jinginar masa. Cikin 2022 hukumar AMCON, wadda aka kafa a 2010 don sayen basusukan da suka gagari bankuna, ta shiga al'amarin kamfanin Ibadan. A watan Yuli na wannan shekara bankin Fidelity ya tashi karɓar hannun jarin da aka jinginar a kamfanonin Kano da Benin da Kaduna, aka naɗa sababbin daraktoci, waɗansu masu jarin kuma suka garzaya kotu. Duk da wannan dambarwa babu ko ɗaya daga cikin kamfanonin da aka rufe. Dalili kuwa a fili yake: in masaƙa ta rufe, mai sayen yadi ya nufi wata kasuwa, amma in kamfanin rarraba wuta ya rufe, jihohi uku ko huɗu ne za su kwana cikin duhu, da asibitocinsu da injinan ruwansu.

Dokar Lantarki ta 2023

Kafin 2023 Tsarin Mulkin ƙasa ya ba jiha ikon yin doka game da lantarki a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba kaɗai. Cikin Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran da ya cire wannan shinge. Cikin Yuni na shekarar kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta soke ta 2005.

Bisa ga wannan doka kowace jiha tana da ikon kafa kasuwar lantarki tata, ta ba da lasin samar da wuta da dakonta da rarraba ta a cikin iyakarta, ta kuma yanka farashi. Amma ikon ba ya sauka hannun jiha haka kawai. Sai majalisarta ta yi doka, ta kafa hukumar sa ido, ta sanar da Hukumar Kula da Lantarki ta Ƙasa, wadda ake kira NERC a taƙaice, ita kuma ta miƙa mata ragama cikin wata shida. Jihohin Enugu da Ekiti da Ondo su ne suka fara samun wannan izini cikin Afrilu 2024, waɗansu kamar Legas da Kogi da Neja da Filato suka biyo baya. Jihar da ba ta yi doka ba tana nan ƙarƙashin NERC, haka nan duk wutar da ke tsallaka iyakar jiha zuwa wata. Inda aka miƙa ragama, wajibi ne kamfanin rarrabawa ya buɗe wani ƙaramin kamfani wanda zai riƙe aikin wannan jiha kaɗai, kamar yadda kamfanin Enugu ya buɗe MainPower. A riƙe wannan batu, gama zai sake tasowa in an zo maganar ma'aikata.

Har ila yau dokar ta tanadi sauƙi ga ƙananan masu jari. Mutum yana iya kafa abin samar da wuta da bai wuce megawat 1 ba a wuri guda, ko na rarrabawa da bai wuce kilowat 100 ba, ba tare da neman lasin ba. Wannan sauƙi ne ga masu kafa farantan hasken rana a kasuwanni da ƙauyuka.

Sashen da ya fi dacewa da zancen bashi shi ne na 75. Ya ba NERC iko, in ta binciko cewa kamfani mai lasin ya daɗe yana kasa sauke nauyinsa ko kuwa yana cikin mummunan halin kuɗi, ta sauke daraktocinsa ta naɗa masu riƙo, domin kada wuta ta yanke wa jama'a kafin a sami mai sayen kamfanin. An yi aiki da wannan sashe cikin Janairu 2024, sa'ad da hukumar ta sauke daraktocin kamfanin Kaduna saboda bashin kimanin Naira miliyan dubu 110, watau biliyan 110, ta naɗa kantoma. A nan ba banki ne ya motsa ba, ba kuma kotu ba. Hukumar sa ido ce ta shiga tsakani da sunan masu amfani da wuta.

Man fetur a taƙaice

Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda aka sa wa hannu ran 16 ga Agusta, 2021, bayan ta yi kusan shekara 20 tana kai da komo, ta bi irin wannan hanya. Ta kafa hukumomi biyu na sa ido, ɗaya a kan haƙo mai, ɗaya a kan tacewa da daka da sayarwa. Ta mai da NNPC kamfanin kasuwanci mai rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni kamar kowane kamfani, ko da yake gwamnati ce mai hannun jarin. Ta wajabta wa masu haƙo mai su riƙa zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da suka kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta gabata cikin asusun raya garuruwan da ake haƙowa a ƙasarsu. Ta kuma tanadi cewa farashin mai kasuwa ce za ta yanka, abin da ya tabbata bayan Shugaban Ƙasa ya ba da sanarwar janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023. Game da ma'aikata, dokar ta faɗa ƙarara cewa waɗanda aka mayar daga tsohuwar NNPC zuwa sabon kamfani za su tafi bisa sharuɗɗan da ba su gaza na da ba. Wannan gata ne da doka ta rubuta musu musamman. Ma'aikacin kamfanin 'yan kasuwa ba shi da irinsa, sai abin da dokokin da ke tafe suka ba shi.

Kamfanin da bashi ya kayar

Dokar Kamfanoni ta 1990 ta san hanya biyu ne galibi: ko dai mai bin bashi ya naɗa wakili ya kama dukiyar da aka jinginar masa ya sayar, ko kuwa a roƙi kotu ta rushe kamfanin a raba abin da ya rage. Wanda ke bin kamfani abin da ya wuce Naira 2,000 kacal, in ya rubuta takardar neman biya aka yi mako uku ba a biya shi ba, yana iya shigar da ƙarar a rushe kamfanin. Wannan adadi yana da ma'ana a 1990, amma daga baya ya zama sandar tsoratarwa. Sabuwar Dokar Kamfanoni, wadda aka sa wa hannu ran 7 ga Agusta, 2020, ta ɗaga shi zuwa Naira 200,000, wata doka ta sauƙaƙa kasuwanci ta 2023 kuma ta bar wa Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, ikon ƙayyade shi.

Babban canjin da dokar 2020 ta kawo ya wuce na adadi. Ta sa ceton kamfani a gaba da rushe shi. Hikimar ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san kiwo: in mutum yana bin makiyayi bashi ya yanka saniyar tatsarsa, ya sami nama na yini guda, sauran masu bin bashi kuwa su tashi a tutar babu. In aka bar ta da rai aka raba nonon, kowa na iya samun nasa a hankali.

Hanya ta farko ita ce ta naɗa mai riƙo. Kotu na iya naɗa shi, ko kamfanin da kansa, ko daraktocinsa, ko mai bin bashin da aka jinginar wa dukiyar kamfanin gaba ɗaya. Doka ta jera masa abin da zai sa gaba bi da bi: da fari ya nemi ceto kamfanin ya ci gaba da aiki, in hakan ba zai yiwu ba, ya nemo wa masu bin bashi duka abin da ya fi wanda za su samu in an rushe shi, in wannan ma ya faskara, sa'an nan ya sayar da dukiya ya biya masu jingina da waɗanda doka ta fifita. Muddin yana kan riƙo, ba mai ikon kama kayan kamfanin, ko ƙwace wurin da yake haya, ko kai shi ƙara, sai da yardar mai riƙon ko izinin kotu. Wa'adinsa shekara ɗaya ne, sai fa in an ƙara masa bisa ƙa'ida. Bambancinsa da wakilin banki shi ne, wakilin banki idonsa na kan kuɗin wanda ya naɗa shi, mai riƙo kuwa amanar dukan masu bin bashi ce a wuyansa.

Hanya ta biyu ita ce ta sulhu. Daraktoci na iya gabatar wa masu bin bashi shawara, alal misali a yafe wani kashi, ko a tsawaita lokacin biya, ƙarƙashin kulawar wani gwani. Akwai kuma sulhun da ake yi ta hannun kotu, wanda ke bukatar yardar masu kashi uku cikin huɗu na darajar bashin waɗanda suka halarci taro. In kotu ta tabbatar da shi ya hau kan kowa, har wanda ya ƙi. Kamfanin da ya fara irin wannan sulhu doka ta ba shi sararin wata shida wanda ba za a saurari ƙarar rushe shi ba.

A ɗauka akwai kamfanin casar shinkafa mai ma'aikata 200, yana da injina masu kyau da masu saye, amma tsadar wuta da man dizal ta sa ya kasa biyan banki wata huɗu. A tsohon tsari abin da ya fi yiwuwa shi ne banki ya kulle ƙofa, a yi gwanjon injina da araha, manoman da suka kawo shanshera bashi su rasa kuɗinsu, ma'aikata su watse. A sabon tsari daraktoci na iya naɗa mai riƙo tun kafin a kai ga haka, injina su ci gaba da juyawa, a nemi mai zuba sabon jari. Ba kowane kamfani ne zai tsira ta wannan hanya ba, wanda ya riga ya mutu kuwa doka ba ta tashinsa. Amma dai ƙofar tana nan, da can kuwa babu ita.

Don kada a mai da ceton mafakar 'yan damfara, dokar ta ɗaure ta gefe biyu. Ba kowa ke zama mai riƙo ko mai rushe kamfani ba, sai mai digiri a fannin shari'a ko lissafin kuɗi ko makamancinsu, wanda ya yi aƙalla shekara biyar yana aikin, ya kuma sami izinin CAC. Sa'an nan daraktan da ya san, ko ya kamata ya san, cewa kamfaninsa ba shi da mafita, amma ya ci gaba da cin bashi da sunansa, kotu na iya tilasta masa ya biya daga aljihunsa.

Duk wannan bayani a kan kamfani mai rajista yake. Mutum ɗaya da bashi ya karya, dokar 1979 ce ke kansa, Babbar Kotun Tarayya kuma ita ke sauraron ƙararsa. Ba a cika amfani da ita ba, amma tana da cizo: wanda kotu ta ayyana shi karyayye, ba a kuma sallame shi ba, Tsarin Mulki ya hana shi tsayawa takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa. Bankuna su ma hanyarsu dabam ce, a hannun Babban Banki da hukumar inshorar ajiya ta NDIC take, kamar yadda aka gani sa'ad da aka soke lasin bankin Heritage cikin Yuni 2024.

Ina matsayin ma'aikaci?

Amsar ta danganta ga irin abin da ya sami kamfanin, domin hali uku ne, jama'a kuwa sukan cakuɗa su.

Na ɗaya, in hannun jari ne ya sake hannu, kamar yadda ya faru a Kano da Kaduna da Abuja, to a idon doka ba abin da ya taɓa kwantiragin ma'aikaci. Kamfani mutum ne mai zaman kansa a shari'a, dabam da masu shi. Shi ya ɗauki ma'aikacin, yana nan kuma bai mutu ba. Shekarun aiki ba su yanke ba, bashin albashi da na alawus suna nan a kansa. Sababbin shugabanni ba su da ikon cewa wannan bashin mutanen da ne.

Na biyu, in aikin ne aka mayar wa wani kamfani dabam, ko da kuwa ɗan ƙaramin kamfanin da aka buɗe don wata jiha ne. A nan sashe na 10 na Dokar Ƙwadago ya ce ba a mayar da kwantiragin ma'aikaci daga wani mai gida zuwa wani sai da yardarsa, jami'in ƙwadago kuma ya tabbatar. Kafin ma'aikaci ya sa hannu a sabuwar takarda, ya kyautu ya duba ko an rubuta cewa shekarunsa na baya za su bi shi, da kuma wanda zai ɗauki nauyin bashin da yake bi. Abin da ba a rubuta ba yana da wuyar karɓa daga baya.

Na uku, in kotu ta ba da umurnin rushe kamfani. Ƙa'idar shari'a ita ce wannan umurni tamkar takardar sallama ce ga ma'aikata, sai wanda mai rushewar ya riƙe don kammala aiki. Daga nan ma'aikaci ya zama mai bin bashi, amma ba a sahun kowa da kowa ba. Sashe na 657 na Dokar Kamfanoni ya sa albashi da lada, da kuɗin hutun da ba a biya ba, da kuɗin fanshon da aka cire, a cikin basusukan da ake fifitawa, tare da harajin gwamnati. Ana biyansu kafin 'yan kwangila da masu kawo kaya, masu hannun jari kuwa su ne na ƙarshe. Sai dai gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba ita ce, wanda ya riƙe jingina ta musamman, kamar gini ko fili ko injin, shi ke fara cin kuɗin abin da aka jinginar masa. Sau da yawa in ya ɗauki nasa ba a samun abin kirki a ƙasa. Saboda haka ceton kamfani ya fi amfanar ma'aikaci nesa ba kusa ba bisa ga fifikon da zai samu bayan rushewa. Wanda abin ya shafa kuma kada ya zauna jira, ya rubuta abin da yake bi, ya haɗa da takardar ɗaukarsa aiki da takardun albashi, ya miƙa wa mai rushewar.

Mai riƙo yakan ga tilas a rage ma'aikata. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya shimfiɗa sharuɗɗa: a sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo daga baya shi ke fara tafiya, tare da la'akari da gwaninta da riƙon amana, a kuma yi iyakar ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Lokacin sanarwa kafin sallama shi ne yini ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama, sai in kwantiragi ya ba da fiye da haka. Wannan doka tsohuwa ce, tun ta 1974, kuma leburori da ƙananan akawuna ta fi karewa. Manyan ma'aikata da ƙwararru abin da ke cikin kwantiraginsu da yarjejeniyar ƙungiyarsu shi ne madogararsu. Wani sauƙi da ya zo daga baya shi ne, Dokar Haraji ta 2025 ta yafe haraji a kan diyyar rasa aiki har zuwa Naira miliyan 50, maimakon miliyan 10 na da.

Fansho shi ne inda ma'aikaci ya fi samun kariya, in ya sa ido. Dokar 2014 ta ce mai gida ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi zuwa asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Da zarar kuɗin ya shiga can ya fita daga dukiyar kamfani, masu bin kamfanin bashi ba su da hanyar taɓa shi. Haɗarin yana ga kuɗin da aka cire daga albashi amma ba a tura ba. Wannan kuwa ita ce alamar farko ta kamfanin da ya fara tangaɗi, takan bayyana tun kafin albashi ya fara makara. Ma'aikacin da ke duba bayanin asusunsa a kai a kai zai gane da wuri, ya kai kuka ga Hukumar Fansho ta Ƙasa tun da sauran abin kamawa. Wanda ya rasa aiki kuma ya yi wata huɗu bai sami wani ba, doka ta yarje masa ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa.

Game da mafi ƙarancin albashi, an fara da Naira 125 a 1981, ya kai Naira 18,000 a 2011, Naira 30,000 a 2019, sa'an nan Naira 70,000 bisa ga gyaran da aka sa wa hannu cikin Yuli 2024. Gyaran ya kuma rage tsawon lokacin sake dubawa daga shekara biyar zuwa uku. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, ko masu karɓar kamasho, ko masu aikin gona na damina, wannan kuwa ya bar jama'a masu ɗimbin yawa a waje. Amma kamfanin da ta hau kansa, kasancewarsa a hannun mai riƙo ba hujja ba ce ta biyan abin da ya gaza haka.

Rigimar aiki kowace iri ce, tun daga gyaran Tsarin Mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraronta. Amma in kamfanin yana hannun mai riƙo ko ana cikin rushe shi, sai an nemi izini kafin a shigar da ƙara a kansa.

Mai biyan kuɗin wuta

Sauyin shugabanni ba ya shafe abin da ke tsakanin kamfani da magidanci. Kuɗin da ya zuba a mitarsa yana nan, bashin da ake binsa shi ma yana nan, sababbin masu riƙo suna da ikon nemansa. Jita-jitar da kan yaɗu cewa an yafe tsohon bashi tun da kamfani ya sake hannu ba ta da tushe.

An kasa layukan wuta rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da kamfani ya yi alkawarin bayarwa kowace rana: rukunin A sa'a 20, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E sa'a 4. Cikin Afrilu 2024 aka janye rangwame daga rukunin A, farashinsa ya tashi zuwa Naira 225 kowane ma'auni, daga baya aka ɗan sassauta. Sharaɗin shi ne, layin da ba ya samun sa'o'in da aka alkawarta a sauko da shi zuwa rukunin ƙasa. Wanda ba shi da mita kuwa, tun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta masa kowane wata. Sayen taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfani ne. In unguwa ta ga dama ta sa kuɗinta, to a yi rubutacciyar yarjejeniya da kamfanin kan yadda za a mayar mata, tun kafin a sayi kome.

Mai ƙorafi ya fara kai kukansa a rubuce ga ofishin sauraron koke na kamfanin, ya karɓi shaidar cewa an karɓa. In an yi kwana 15 na aiki ba a share masa hawaye ba, ya wuce zauren sauraron ƙararraki da NERC ta buɗe a manyan garuruwa, daga can kuma yana iya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar kanta a Abuja. Ba a biyan ko kwabo a waɗannan matakai. Mazaunin jihar da ta riga ta karɓi ragamar lantarkinta, bayan ofishin kamfani sai ya nufi hukumar lantarki ta jiharsa.